Rumbun Manhajoji da Sunan Ɗiyar Fari

Ɗiyata, wannan babin naki ne, kuma na ƙudura in rubuta shi tun ina da sauran ƙuruciya don kada wani ya riga ni ba ki labarin. A Dareta za ki ji ana cewa kwamfuta ce ta buɗe miki baki. A Adabka kuma za ki ji cewa uwarki 'yar boko ce marar kunya wadda ta hana goggonki riƙo. Kowanne da ɗan ƙanshin gaskiya a cikinsa, amma ba haka abin ya gudana ba. Har yau, in aka tada injin niƙa a unguwa sai na aje biro. Saboda haka ki yi mini haƙuri in kin ga na wuce wasu wurare da sauri.

Ni 'yar Gummi ce, can na gama sakandare, aure ya kawo ni Dareta gidan su babanki. Manoma ne na same su, gero da dawa da 'yan awaki, kafin maganar zinari ta cika gari. Daga nan maza suka fara shigo da duwatsu a buhuna, ana farfasawa ana niƙawa a tsakar gida, a wurin da muke shanya tsaba, a wurin da kuke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen yana tafe da dalma. Ƙanenki Bashir yana nono lokacin. Ya fara da amai, sai jijjiga, kwana uku ya yi. Ba zan ƙara komai a kansa ba. Ke kina shekara uku, kuma kafin ciwon babu mai surutunki a gidan, har kaji kike yi wa faɗa. Da taki jijjigar ta zo, likitocin da suka zo daga waje sun riga sun buɗe ɗakin yara a asibitin Anka, aka ɗauke mu a mota. Allah Ya bar mini ke. Amma kin farfaɗo babu magana. Sai ki zauna inda aka aje ki, kina kallon bango, a tafa hannu a bayanki ko gezau.

An kankare ƙasar gidanmu an zuba sabuwa, mun koma, sannan da aka sake auna jininki aka ce sai mun dawo Anka an ƙara ba ki magani. A wannan kwanciya ta biyu ne abin da nake son faɗa miki ya faru. Ni kaina a lokacin ba mutum ba ce. Ba na barin ki taɓa ƙasa, ina wanke miki hannu har fatar ta yi fari, in aka kawo mana abinci daga gida sai na tambayi inda aka daka hatsin. Kuma na daina magana sai dole. Dama can ba na yawan yi miki, don ke ce ta fari, kuma kin san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Yarinyar nan nake cewa, ko waccan. Uwata haka ta yi wa yayana har ya yi gemu, ban taɓa ganin laifin abin ba.

Inna, wato kakarki mahaifiyar babanki, ta zo duba mu wata ranar Laraba. Ta kira ki, ta kaɗa miki mundayenta a kunne, ba ki juya ba. Likita ya riga ya gaya mana cewa yana ganin kunnenki lafiya lau, abin a ƙwaƙwalwa yake, kuma maganinsa a riƙa yi miki magana ana dawo da ke awo. Inna ta saurari bayanin ta bakin tafinta, ta gyaɗa kai don girmamawa, da ya wuce ta juyo gare ni.

"Ɗiyag ga kurma ta, ku bar wahal da kanku. In anka sallame ku, Adabka za ta, wurin Asabe. Dama ita anka yi wa alkawali tun ran suna."

Goggonki Asabe, yayar babanki, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma gaskiya ne an ce ita za ta riƙe ki in kin ɗan tasa, ciwo ne ya jinkirta. Ba mugunta ce ta sa Inna ta faɗi haka ba. A ganinta ni na zama abin tausayi, ke kuma kina bukatar hannun da ba ya rawa. Amma na san hanyar Adabka. Wanda ya kai ki can a bayan mashin ba zai riƙa dawo da ke Anka awo ba, kuma a can za a yarda ke kurma ce, a daina yi miki magana, a koya miki nuni da hannu. Babanki tun rasuwar Bashir ba ya musu da kowa, ya ce abin da Inna ta ce shi ke nan. Saura kwana goma a sallame mu.

A ɗakin akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rahila, Kirista ce daga kudancin Kaduna, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Ta taɓa jin ina karanta wa wata mata rubutun Turancin da ke jikin kwalin magani, sai ta ce ashe akwai malama a ɗakin ana ɓoye mata. Ta roƙe ni in taya ta mayar da wasu bayanai zuwa Hausa, na wanke hannu da share gida da ruwa, don a riƙa karanta wa uwaye. Bayan azahar, lokacin da janareta ke aiki kuma yara sun yi barci, sai in ɗauke ki mu shiga ɗan ofishinta, in shimfiɗa miki zane a kan benci. Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka ce, tsohuwa, harafi ɗaya ma ya ɓalle. A makarantarmu kwamfuta ɗaya ce, an lulluɓe ta da ƙyalle, sau biyu na taɓa ta. Wannan kuwa ba ta yi kama da waccan ba, sai Sista ta ce ƙanenta da ke karatu a Zariya ne ya sa mata wani tsari mai suna Linux, bayan ƙwayar cutar da ta kwaso a filashin mutane ta cinye mata aiki.

Wata rana ina neman yadda zan sa ƙugiyar haruffanmu, sai ta buɗe wani wuri ta ce bari mu duba sito. Ta ce a wannan tsarin ba a yawon roƙon manhaja wurin mutane. Akwai wuri ɗaya da aka tara su, masu kula da shi sun duba kowace sun sa mata hatimi, kai dai ka rubuta abin da kake nema, ka zaɓa, injin ya ɗebo maka, kuma kyauta. Ita sito take ce masa, ni a raina rumbu na kira shi. Na ja jerin sunayen ƙasa, na ja, na ja, bai ƙare ba. Kowane suna in ka taɓa shi sai bayaninsa ya fito a ƙasa. Akwai mai nuna taurarin da ke saman garinku. Akwai mai koya wa yatsu bugun rubutu, da mai faɗin lokutan salla, da na zana gida, da na lissafin da ko malaminmu na sakandare ban ce zai iya ba. Na tuna ranar da aka fara aikena kasuwar Gummi ni kaɗai, na manta da abin da aka aike ni ina ta kallon rumfuna. Rabon da wani abu ya ba ni sha'awa tun kafin rasuwar Bashir. Har na ji kunyar kaina da na lura ina jin daɗi.

Ran nan da Sista ta fita zagaye, sai na rubuta kalmar yara da Turanci a wurin nema. Cikin abin da ya fito akwai wata manhaja da bayaninta ya ce an yi ta don ƙananan yara, tun daga shekara biyu, tana nuna hotunan dabbobi da kukansu, tana koya launi da sauti. Na karanta bayanin sau uku, na dube ki a kan benci. Na ce a raina, in akwai sautin da zai sa ki juya a gaban Inna, to ba za a kai ki Adabka ba. Da Sista ta dawo na nuna mata, ta ce in danna in zaɓa mana. Na danna. Sai wani akwati ya faɗo a fuskar kwamfutar yana cewa wannan manhajar ba ta shiga ita kaɗai, sai da waɗannan. A ƙasa ga jerin sunaye sun fi ashirin, ba mai kama da maganar mutane, rabi haruffa rabi lambobi. Ban san lokacin da na danna fasa ba, na janye hannuna na sa a ƙarƙashin mayafi.

Sista ta yi dariya ta ce ba komai ba ne, 'yan rakiya ne, kowace manhaja da nata, kamar yadda tuwo ba ya zuwa sai da miya. Ta ce kowa amincewa kawai yake dannawa. Washegari na sake gwadawa, akwatin ya sake faɗowa, na sake fasawa. Na ce mata sai na san kowanne ɗaya-ɗaya.

"Maman Safiya, wallahi ko mai duba kayan lefe bai kai ki bincike ba. Ni shekarata biyu da injin nan ban taɓa karanta ko ɗaya ba."

"Sista, buhun da ya shigo gidanmu, zinari kawai muka ce muna so."

Ba ta ƙara dariya ba. Ta jawo kujera, ta ciro wani ƙaramin ƙamus daga aljihun tebur ta aje mini, ta nuna mini yadda zan kwafi kowane suna in nemi bayaninsa a rumbun.

Kwana huɗu na yi ina wannan aikin, cikin kwanakin da ba ni da su. Ina rubuta sunan a bayan takardar magani, in nemo shi, in fassara. Wannan shi ke fitar da sauti. Wannan shi ke buɗe hoto. Wannan haruffa ne kawai. Wani bayaninsa ya ce shi ba ya komai sai taimaka wa wani, na bi wancan ɗin na gano shi ma. Abin da ya fara kwantar mini da hankali ba wai na gane duka ba ne, don akwai guda uku da har yau ban san aikinsu ba. Abin shi ne babu wanda aka ɓoye. Kowanne da sunansa, da aikinsa, da girmansa, kuma injin ya tsaya yana jira, ba zai shigo da ko ɗaya ba sai na ce to. A rana ta huɗu na isa ƙarshen jerin, na yi bisimilla, na danna. Sista ta rataye modem ɗinta a taga da doguwar waya don can ne sabis ke kamawa. Wani layi ya fara cika a hankali kamar ana ɗura tulu da ludayi. Sau biyu sabis ya yanke, sau biyu ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai gab da la'asar ya ce ya gama.

Na ɗora ki a cinyata, na buɗe. Saniya ta fito ta yi kuka, ba ki motsa ba. Zakara ya yi cara, agwagwa, kare, wata muryar Baturiya tana faɗin sunayensu. Kin kai yatsa kin taɓa hoton zakaran, wannan kam ya faranta mini, amma sautin bai dame ki ba, ko an ƙure shi ko an kashe duk ɗaya. Na koma ɗaki ranar ban ci abinci ba. Saura kwana uku.

Da safe na yi tunanin ko Turancin ne baƙo a kunnenki. Na koma rumbun na nemi abin ɗaukar murya. Na samu, shi ma da 'yan rakiyarsa, amma wannan karon rabinsu na riga na san su, sauran na karance su kafin la'asar. Na danna jan maɓalli na ce akuya, na ce kaza, na ce tulu, na ce fura. Muryata ta fito a fuskar injin kamar haƙoran zarto, shuɗaye. Na kunna. Kina wasa da bakin zane a lokacin, sai hannunki ya tsaya. Ba ki juya ba, amma ya tsaya. Da muryar ta ƙare kika ci gaba. Sista tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce in sake. Na sake, hannunki ya sake tsayawa. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Yarinyar nan muryarki take nema, ba ta saniya ba. Sati uku kuna ɗakin nan, ban taɓa ji kin kira ta ba."

Na ce mata ta fari ce. Ta ce ta sani, ta daɗe a ƙasar Hausa, ba ta raina al'adar kowa. Amma ta ce in bakina ba zai iya ba a gaban mutane, ga inji, shi ba shi da suruka. Ta tashi ta fita, ta ja mana ƙofa. Na daɗe ina kallon jan maɓallin. Na danna na yi shiru, na goge. Na danna na ce yarinyar nan, na goge. A karo na uku na rufe ido na ce Safiya. Sunan ya fito a fuskar injin ɗan guntu, bai kai rabin yatsa ba. Ban kunna miki ba ranar. Tsoro nake kada in kunna ki ƙi juyawa, in rasa abin da zan riƙe zuwa jibi.

Ranar sallama Inna ta zo da babanki, da masu mashin biyu, ɗaya na Dareta ɗaya na Adabka. Ta zo da sabon zanen goyo. Sista ta roƙe ta da ladabi ta shigo ofis ta ga wani abu kafin a tafi. Inna ta shigo tana kallon kwamfutar a kaikaice, ta ce ita ba ta zo kallon talabijin ba. Aka zaunar da ke a benci, bayanki ga tebur. Inna ta kira ki, shiru. Sista ta kira ki, shiru. Sai na danna.

Muryata ta fito ta ce Safiya. Kika juyo, a hankali, kamar mai tashi daga barci. Kika dubi injin. Sannan kika dube ni, ba idona ba, bakina, wanda yake a rufe. Kika sake duban injin, kika sake duban bakina, sai fuskarki ta fara yamutsewa za ki yi kuka. Na yi niyyar in ɓuya a bayan inji, in samu abin da nake so ba tare da na keta komai ba. Amma ga ki kina neman inda uwarki ta shiga. Inna tana zaune kamu ɗaya daga gare ni, babanki yana bakin ƙofa. Na durƙusa a gabanki na ce Safiya, da bakina. Na ƙara cewa Safiya, ga ni. Kika miƙo yatsa kika ɗora a leɓena.

Babanki ya sunkuyar da kai ya fita. Inna ta dube ni da wani kallo da ban taɓa gani ba, na ce yau na gama zubar da mutuncina a gidan miji.

"Mi kinka ce?"

Sai ta nuna mini bayanki da hannu.

"Koma bayanta ki sake, in gani. Ba da wanga abu ba."

Na koma bayanki, na kira, kika juyo. Ta sa na koma wajen taga, na kira, kika juyo. Ta ninke sabon zanen goyon ta mayar cikin jakarta, ta leƙa waje ta ce wa babanki ya sallami mai mashin ɗin Adabka.

Kada ki ɗauka abin ya tafi a banza. Goggonki Asabe ta riga ta share miki ɗaki ta saya miki 'yar tasa, kuma ta yi kuka ba kaɗan ba, shekara biyu ba ta taka gidanmu ba. In kin girma ki riƙa zuwa gaishe ta, ba ta yi miki komai ba sai so. Labari ya kai Gummi, uwata ta aiko a tambaye ni ko a makaranta aka koya mini haka. Kuma ba ranar kika yi magana ba. Sai da aka girbe gero kika ce ruwa, bayan wata da watanni ina bin ki da surutu, muna dawowa awo, Sista tana ba ni kujera in nemo wani sabon abu a rumbun in mun zo. Har yanzu kina jinkiri kafin ki amsa tambaya, kuma malaminku ya san ya jira ki.

A bakin ƙofar asibitin, kafin mu hau mashin, Inna ta riƙe mini hannu ta ce ta yarda in riƙa kiranki tun da magani ne, amma cikin ɗaki, ba gaban mutane ba. Na ce to, kuma har zuciyata na yi niyyar cikawa. Kwana biyu na cika. A rana ta uku na fito da kwanon kunu ban gan ki ba, na tsaya a tsakar gida na ƙwala kiran sunanki kafin in tuna. Matan gida duk suka ɗago. Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce:

"Ba ta ji ki ba. Ɗaga murya, tana zaure."